Ruwan Timiya da baƙin da suka daina zuwa

Ƴan uwa, waɗanda suka halarci zamanmu na ƙarshe sun san gardamar da ta kaure kan kwazazzabon nan na bayan gonakinmu, inda ruwa ke faɗowa daga saman fako in an yi ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta. Shekara biyu ke nan samari suna zuwa a kan babura daga Malbaza da Ƙonni don su ɗauki hoto su sa a Facebook da TikTok. Wani daga cikinmu ya ce a kafa ƙofa, a riƙa karɓar dala ashirin ga kowane mutum, kuma akwai ɗan kasuwar da ya yarda ya kewaye wurin da waya ya kafa rumfa. Da aka tambaye ni ra'ayina sai na ce a ba ni lokaci in rubuta, don ni baki ba ya yi mini daidai in mutane sun yi yawa. Na ce zan ba da labarin wani gari da ya riga mu shiga wannan harka da shekara kusan hamsin, kuma na taka ƙafata na je na gani. Garin shi ne Timiya, cikin duwatsun Abzin.

Kada wani ya ce me ya haɗa Tajaye da Abzin. Da yawa ma. Wanda ya karanta aikin Djibo Hamani kan tarihin Adar, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa yanzu, ya san cewa a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Adar da yaƙi ya raba ta da ikon Kabi. Daga baya ya hau gadon Agadas, kuma da aka tuɓe shi a 1721 sai ya dawo Adar ya zauna. Sarautar Sarkin Adar ta Illela daga zuriyarsa take. Cikin ƙarni na 18 Kel Geres suka baro Abzin suka gangaro kudu, suka bazu tsakanin Adar da Gobir Tudu. Mu kanmu garinmu kashi biyu ne a takardun gwamnati, akwai Tajaye ta mazauna, akwai wadda suke rubutawa Tajaé Nomade. Kantun gishirin Balma da kakanninmu ke sayen ma dabbobi, raƙuman ayari ne ke kawo shi. Saboda haka da abokin karatuna ɗan Timiya ya gayyace ni gidansu hutun Disambar 2022, ban ji kamar zan je baƙuwar ƙasa ba.

Na hau mota a titin Tsarnawa zuwa Tawa, daga Tawa muka kama hanyar Agadas, kilomita kusan 400, ta Tabalak da Abalak. Wannan titi an yi shi ne a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom na Arlit, kuma wanda ya bi shi a wancan lokacin da na bi ya san bayansa ya ba da labari. Daga Agadas zuwa Timiya kilomita 220 ne ko kusa da haka, amma kada lissafin ya ruɗe ka. Babu kwalta. Mun hau bayan wata tsohuwar kat-kat tare da buhunan shinkafa da jarkokin mai, muka bi ta Elmeki inda ake haƙar kuza, muka yi ta hawa da sauka cikin baƙaƙen duwatsu da rairayin ƙorama. Mun tashi da hantsi, ba mu isa ba sai bayan isha'i. Sanyin da na sha a daren nan, wallahi ban taɓa jin irinsa a Adar ba, mu da muke taƙama da hunturu.

Da gari ya waye na ga abin da ya sa Turawa ke haukacewa kan wurin. Ko'ina ka duba dutse ne baƙi ƙirin kamar an ƙona shi, sai a tsakiya ƙorama mai farin rairayi, gefenta kuma lambuna kore shar: dabino, lemun zaƙi, rumman, inabi, alkama, masara. Har yanzu akwai masu ban ruwa da takarkart, wato raƙumi ko sa yana jan guga daga rijiya, yaro na kora shi gaba da baya, ruwan yana bin ƴar magudana zuwa fangali. A saman wani tudu akwai ɗan ƙaramin barikin da sojan Faransa suka gina a farkon shekarun 1950, ana kiransa da sunan Massu. Daga can kana ganin garin duka kamar an shimfiɗa tabarma.

Kwana biyu da isowata muka tafi wurin ruwan. Su can kaskad suke cewa, yadda baƙi suka koya musu, tafkin da ke ƙasa kuma agelmam da Tamajak. Tafiyar ba ta wuce kilomita 3 ba daga gari, amma rabinta cikin rairayi ne mai cin ƙafa, sauran kuma tsallen duwatsu, ni kuwa da takalmin fita kunya na zo. Muna tafe muna gamuwa da ƴan mata masu kiwon awaki, suna yi mini dariya. Kafin ka ga ruwan sai ka fara jin sanyinsa a fuska. Sai ga bangon dutse a tsaye, ruwa na zubowa ta wata tsaga yana sauka daki-daki har cikin tafki mai duhu. In faɗi gaskiya, a Disamba ruwan siriri ne, bai fi kaurin cinyar mutum ba. Da damina ne yake ruri. Amma a ƙasar da za ka yini kana tafiya ba ka ga ɗigo ba, wannan ma ya isa ya sa mutum ya yi shiru.

Ba mu kaɗai ba ne a wurin. A inuwar dutse wani dattijo maƙeri na zaune, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle ya jera kaya: zobba, ƴan kunne, ƴan raƙuma na dutse mai laushi, da sarƙoƙin azurfa irin waɗanda ake kira kurwa ta Agadas. Har da ta Tawa ya nuna mini, da ta Timiya. Hausarsa ta fi tawa daɗi, ya ce a Damagaram da Kano ya koye ta. Na ce masa, "Baba, wa kake jira a nan, tun da babu kowa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ƙafa ce ta saba. Da can in na zauna nan kafin azahar mota goma ta tsaya. Yanzu sai soja in sun rako wani babba, sai irinku masu ɗaukar hoto da waya ku ce kayan sun yi tsada." Na ji kunya, don abin da nake shirin faɗa ke nan. Na sayi ƙaramin zobe jika biyu, ban taya ba.

Daga bakin wannan dattijo da na mahaifin abokina, da kuma abin da na bi na karanta bayan na dawo, na haɗa tarihin.

Bature na farko da ya bar cikakken labarin Abzin shi ne Heinrich Barth, Bajamushe, wanda ya ratso duwatsun a 1850 ya shiga Agadas cikin Oktoba. Waɗanda suka biyo bayansa da bindiga suka zo. A Disambar 1916 Kawsan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, aka yi wata kusan uku, da suka karya shi a Maris 1917 sai suka huce a kan mutanen Abzin, aka kashe malamai, aka kwashe dabbobi, garuruwa suka watse. Asode, tsohon birnin da ke arewa da Timiya, kango ne yau. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, shekara sittin bayan haka, kangon Asode da barikin Massu su ne aka riƙa kai jikokin waɗancan sojoji su gani, ana karɓar kuɗinsu. Tarihi ya zama haja.

Harkar ta kankama ne a shekarun 1970, kuma ba don daɗi ba. Farin 1973 da 1974 ya ƙarar da dabbobi, na 1984 ya zo ya ƙarasa saura. Samarin da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka rasa raƙuman bi, sai suka koma jagorancin baƙi, da tuƙi, da dafa musu abinci. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Mano Dayak, mai kamfanin Temet Voyages a Agadas. Tseren motocin Paris-Dakar, da aka fara a ƙarshen 1978, ya riƙa ratsa Agadas da Tenere, talabijin na nuna wa Turai tudun rairayi da mutane masu baƙin rawani. A 1988 gwamnati ta ware Abzin da Tenere a matsayin gandun da aka kare, a 1991 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Timiya ta zama zango a kan hanyar da kowace motar baƙi ke bi: a kwana a ƙorama, a sha lemu, a yi wanka a kaskad, a wuce Iferwan.

Sai abin ya tsaya cak. Rikicin Cintabaradan na Mayun 1990, a nan cikin jiharmu ta Tawa, shi ya buɗe ƙofar tawayen farko. A 1992 UNESCO ta mayar da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara, Mano Dayak kuma, wanda ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen, ya rasu a haɗarin jirgi ranar 15 ga Disamba na wannan shekarar. Filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Bayan sulhu baƙi suka dawo fiye da da. Jiragen Point-Afrique suka riƙa sauke su kai tsaye daga Faransa lokacin sanyi. Waɗannan shekaru, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2006, su ne dattijon nan ke nufi da mota goma kafin azahar. A Fabrairun 2007 ƴan MNJ suka kai hari Iferwan, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Wannan tawaye ya lafa a 2009, mutane suka fara gyaran motoci suna sa rai, sai aka sace ma'aikatan Areva a Arlit cikin Satumbar 2010. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta shafa wa yankin jan launi a taswirarta, shi ke nan. Ko sanya tsohon birnin Agadas cikin gadon duniya a 2013 bai dawo da su ba.

To me baƙin suka canza a garin? Nan ne na fi son mu tsaya, don nan ne gardamarmu take.

Abu na farko da mahaifin abokina ya gaya mini shi ne, kuɗin ba a Timiya yake kwana ba. Baƙo ya biya tun yana ƙasarsa, ko a ofishin kamfani a Agadas. Motar daga Agadas, direba daga Agadas, mai dafuwa da tukunyarsa da taliyarsa daga Agadas. Abin da ke faɗowa a garin shi ne kuɗin lemu, na akuya in za a gasa musu, na hawan raƙumi, da na kayan maƙera. Ya ce, "Mu ne hoton, wasu ne masu kyamara." Shi manomin lambu ne, kuma bai ɓoye mini ba cewa bai taɓa son harkar ba.

Amma ɗan abin da ya faɗo ɗin ya motsa zaman garin. Maƙera, waɗanda a al'adar Abzinawa suke rayuwa a ƙarƙashin inuwar iyayen gidansu, suna yi musu takobi da sirdi ana ba su hatsi, su ne suka fara riƙe tsabar kuɗi. Wasunsu suka kai kaya har Turai, suka dawo suka gina ɗaki da siminti. Mai asali yana bin raƙumi wata bakwai, maƙeri ya samu abin da ya fi nasa a sanyi ɗaya. Wannan ni ban ga aibinsa ba, ko da yake na lura manyan garin ba sa son a tayar da zancen. Aka kuma samu samarin da ake kira shasturis, masu farautar baƙi, waɗanda suka iya Faransanci da ɗan Jamusanci da Italiyanci ba tare da sun zauna aji ba. Wasu sun yi abota ta gaskiya da baƙin, kuma ta irin wannan abota ce aka samu ƙungiyoyi kamar Les Amis de Timia da suka taimaka da rijiyoyi da makaranta da gyaran barikin nan. Wannan alheri ne, ba zan rage shi ba.

Ɗaya gefen kuma, yara suka koyi kalmar kado kafin su koyi karatu. Mota na tsayawa sai a bar allo a bar aji a ruga. Ana ɗaukar mata hoto a bakin rijiya ba a tambaye su ba. Mahaifiyar abokina ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tafkin: nan suke shayar da awaki tun kakanni, sai ga maza da mata sun tuɓe sun shiga da ɗan kamfai, dole yarinya mai kiwo ta tsaya nesa da garkenta har su gama. Ba wanda ya hana ta zuwa. Ba a kafa ƙofa ba, ba a sa waya ba. Amma wurin ya fita hannunta na wasu awoyi kowace rana, kuma ba a taɓa zama da ita an tambaye ta ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da duk shekarun da na lissafa a sama.

Da baƙin suka ɗauke ƙafa, wa ya tsaya da ƙafarsa? Masu lambu da masu ayari. Har yanzu akwai Kel Ewe da ke ɗaure wa raƙuma kaya a kaka su ratsa Tenere zuwa Balma, su ɗauko gishiri da dabino, su gangara ƙasar Hausa su sayar su sayi gero, yadda Bajamushen nan Gerd Spittler ya bi su ya rubuta tun shekarun 1970, ko da yake manyan motoci sun cinye musu kasuwa da yawa. Lambu kuwa sai ma ya ƙaru. Injin ban ruwa ya shigo, aka koma noman albasa gadan-gadan. Da na ga buhunan an jera ana jiran mota sai na yi dariya, don irin tamu ce ta Galmi, ita ce ta hau dutse. Sai dai rijiyoyin suna ƙara zurfi, masu takarkart na kuka da masu inji. Direbobi da jagororin da suka rasa baƙi, wasu suka koma jigilar masu tafiya Libiya, wasu suka ruga Jado da Cibarakatan da aka ga zinariya a 2014. Yayan abokina yana cikinsu. Da Italiyancinsa da komai, rami yake haƙa.

Kada a ce wannan matsalar arewa ce kawai. A Kure, kilomita 60 daga Yamai, ƙauyuka sun yi shekaru suna cin abinci da raƙuman dawa, da ƙungiyar jagorori mai tsari. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a wurin, ɗaya direba, ɗaya shugaban jagororin. Washegari aikin ya mutu. Raƙuman dawan kuma suna nan suna cin waken manoma.

Yanzu in dawo gida. Na san za a ce mini namu daban ne, mu ba Turawa muke jira ba, ƴan uwanmu ne na Ƙonni da Malbaza da Illelar Najeriya, kuma ba jan launin wata taswira da zai hana su zuwa. Haka ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son a kafa ƙofa suke da ita. Nima ba na ƙin samari su samu na sabulu, ba na ƙin mata su sayar da ƙosai da fura a bakin wurin. Ledar fiya-wata da ake zubarwa a kwazazzabon ma ta isa ta sa a ce a samu mai kula. Abin da ban yarda da shi ba shi ne waya. Ruwan namu kwana nawa yake zuba a shekara? In an haɗa duka bai fi sati uku ba. Amma kududdufin da yake bari a ƙasa yana kai wa bayan girbi, kuma burtalin da Fulani da Abzinawan garinmu ke bi da dabbobi ta gefensa ya wuce. Za mu rufe abin wata huɗu saboda hoton sati uku. Kuma wanda ya sayi waya ya kafa, gobe shi ne mai wurin, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Mun ga yadda filaye ke tafiya a ƙasar nan.

Kafin in rubuta wannan na je na sami kawuna, wanda gonarsa ce ta ƙarshe kafin kwazazzabon, na gaya masa shawarar da ake yi. Yana gyaran kalme bai ɗago ba. Ya ce, "Wa anka tambaya? Ni dai ba a zo mani ba. Bara ɗiyan ga masu babura sunka tattake mani wake, kunya ta hana ni magana, don na san uwayensu." Na ce, "Kawu, in an kafa ƙofa ai za a ba ka wani abu." Ya ce, "Su ba ni. Amma ka tahi ka tambayi Ruga, shi da shanunai, in ya iske ƙohwa ina za shi bi da su? Cikin gerona za shi bi. Sannan a kira jandarma, a ce Bahillace ya yi ɓanna."

Ban je wurin Ruga ba tukuna, don sun yi arewa da dabbobi, sai kaka za su dawo. Shawarata ga zamanmu mai zuwa ita ce kada mu kai wa magajin gari ko ɗan kasuwar nan wata takarda kafin lokacin. In sun dawo mu je mu biyu ko uku, da wanda ya kawo shawarar ƙofa a cikinmu, mu zauna da su da kawuna da matan da ke wanki a kududdufin. Zoben da na saya a Timiya yana hannuna, ya fara baƙi, ashe azurfar ba ta da yawa. Zan zo da shi ku gani.